Yadda ake tayar da tsohon jirgin ruwa na faiba a ɗaura masa inji

A Abuja ba a rasa tsohon jirgin ruwa na faiba a kife a bayan wani gida, ko a kan tirela a gefen Tafkin Jabi, rana ta cinye fentinsa, ganye ya cika cikinsa. Wasu daga Legas ko Lokoja aka kawo su, aka yi marmari na shekara ɗaya ko biyu, inji ya tsaya, aka jingine. Irin wannan jirgi yana tashi, kuma sau da yawa ya fi sayen sabo sauƙi. Amma aikin yana da jeri, kuma wanda ya fara da fenti ya fara daga ƙarshe. Kuɗinka ya fara zuwa inda ido ba ya gani: bangon baya, haƙarƙarin ƙasa (katakan da ke tallafe da daɓen jirgi), da cikin inji.

Kafin ka biya ko sisi

Mai jirgi zai ce maka, "Alhaji, lafiyarsa lau, wanki da fenti kawai yake so." Ka gode masa, sannan ka nemi ƙaramar guduma.

Bangon baya, wato allon da ake rataya inji a kansa, shi ne jirgin. A waje faiba ne, a ciki ma faiba ne, amma tsakiyarsa filawud ne. Duk ramin noti da ba a toshe da kyau ba, ruwa ya bi ta nan ya jiƙa katakon, shekara da shekaru yana ruɓewa a ɓoye, fuska kuwa tana nan sumul. Ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa a hankali, kamar yadda ake gwada tukunyar ƙasa a kasuwa: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe yana yin dum-dum. Ka fi mai da hankali kewayen ramukan noti da ramin zubar da ruwa na ƙasa. Idan akwai inji a rataye, ka ɗaga ƙafarsa, wato ƙasansa mai farfela, sama, ka danna da ƙarfinka, wani ya tsaya yana kallon bangon. In ya lanƙwasa ko da kaɗan, ko tsaga ta buɗe a kusurwa, katakon ya tafi. In har yanzu kana kokwanto, ka roƙi izini ka huda ƙaramin rami daga ciki, kusa da ƙasa, ba tare da ka fasa fatar waje ba. Garin katako fari busasshe alama ce mai kyau. Baƙi mai danshi, ko ruwa ya biyo bakin abin huda, ka san aikin da ke gabanka.

Daga nan ka shiga ciki ka taka ko'ina. Daɓen da ke lotsawa ƙarƙashin ƙafa yana nufin filawud ɗinsa ya mutu, kuma da wuya haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa ya tsira. Wasu jiragen an cika ƙasansu da soso mai hana nutsewa. In ya sha ruwa ba ya bushewa, sai dai a ƙwaƙule a sa sabo. Jirgin da mutum huɗu suka kasa motsawa alhali girmansa bai kai haka ba, ruwa ne a cikinsa.

Ruɓaɓɓen bango ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne. Abin da zai sa ka juya ka tafi shi ne gangar jikin da ta murɗe saboda an bar ta shekaru a kan dutse ko taya ɗaya, ko doguwar tsaga da ta bi ƙashin tsakiya na ƙasan jirgin. Ka kuma nemi takardar ciniki da lambar inji a rubuce, don ana satar injin jirgi sosai.

Wuri da lokaci

Aikin faiba ba ya son ruwa, ba ya son ƙura. A Abuja damina tana kamawa daga Afrilu har Oktoba, don haka a fara yayewa da kankarewa da zarar ruwa ya ɗauke, a bar jirgin ya sha iskar hunturu makonni ya bushe ƙarau. Zuba ruwan faiba kuwa, wato gam mai ruwa-ruwa da ake shafawa ya daskare, a yi shi a rumfa, da sassafe, musamman a Fabrairu da Maris lokacin da zafi ke daskarar da shi kafin ka gama shafawa. Ka ɗora jirgin a kan katakai ko tsofaffin tayoyi yadda nauyinsa zai rabu, ka tokare gefe da gefe, don kada ya karkace sa'ad da ka cire abin da ke riƙe da shi.

Ka cire komai: kujeru, tanki, wayoyi, ƙarafan ɗaure igiya. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance kowane abu. Ka wanke da omo da ruwa, ka goge maiƙo.

Sabon bangon baya

Daga ciki ake shiga. Da giranda ka yanke fatar faiba ta ciki, ka bar ta waje yadda take, domin ita ce ke riƙe da siffar jirgin. Ka ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon da kurfi da guduma har ka ga faiba tsirara, ka kankare ta da sanfefa mai kaushi, ka goge da asiton, ruwan da ke cire maiƙo. Ƙurar faiba tana cin fata da huhu: takunkumi na gaske, tabarau, riga mai dogon hannu.

Ka yi zanen wurin da kwali, ka kai wa kafinta ya yanka maka filawud. Wanda ake so shi ne na ruwa, wanda gam ɗinsa ba ya narkewa. A kasuwar katako ta Dei-Dei za a nuna maka iri-iri, kowa ya rantse nasa na ruwa ne. Gwajin ba wuya: ka karɓi ɗan guntu, ka tafasa shi a tukunya awa ɗaya ko biyu. In yadudduka suka rabu, na kabad ne. Ga jirgin da zai ɗauki inji mai ƙarfin doki 40, a haɗa allo biyu masu kaurin milimita 18, ko a mayar da daidai kaurin da aka cire.

Ruwan faiba iri biyu ne. Foliyesta shi ne mai araha, da shi aka ƙera jirgin tun farko. Ifoksi ya fi tsada amma ya fi kama tsohuwar faiba da katako, ya fi kuma hana ruwa. In aljihu zai ɗauka, a manna katakon da ifoksi. Sai dai a riƙe wannan: ifoksi yana kama foliyesta, amma foliyesta ba ya kama ifoksi da kyau, don haka kada ka fara da ifoksi ka rufe da ɗayan.

In da foliyesta za ka yi, awon maganin daskarewa shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya. A zafin Abuja ka tsaya kusa da 10, kada ka yi ƙasa da haka, in ba haka ba zai zauna da danƙo har abada. Ka auna da sirinji, ba da murfin kwalba ba. Ka dama rabin kilo rabin kilo, abin da za ka shafe cikin minti goma sha biyar. Wanda aka dama da yawa a bokiti yana ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi. Maganin nan ɗigo ɗaya a ido yana makantarwa, ka ajiye ruwa mai tsabta kusa.

Ka fara shafe katakon duka da ruwan faiba, musamman bakin yanka, nan ne yake shan ruwa. Ka haɗa wani mai kauri ka shafa a fatar waje, ka manna allon, ka matse da ƙarafan matsi da katakai ta yadda ba za a bar iska a tsakani ba. Tsofaffin ramukan noti suna da amfani a nan: a zura dogayen notuna a ɗaure. Bayan ya kama, ka cike kusurwoyi su zama masu lanƙwasa, don tabarmar faiba, wato shimfiɗar zaren gilashi da ake jiƙawa da ruwan faiba, ba ta bin kusurwa mai kaifi. Sannan ka shimfiɗa tabarmar, mai nauyin giram 450 a murabba'in mita, falle uku ko huɗu, kowane falle ya zarce na ƙasansa ya hau gefe da ƙasan jirgi da kamar taƙi ɗaya. Kowane murabba'in mita na falle ɗaya yana shan kusan kilo ɗaya na ruwa ko ɗan fiye. Da buroshi ake dannawa, ba shafawa ba, sai farin tabarmar ya ɓace ta zama garau. Duk farin tabo da ya rage iska ce, kuma nan ne zai fara ɓarewa.

Haƙarƙari da daɓe hanya ɗaya ce: a cire ruɓaɓɓe, a yanka sabo, a shafe, a lulluɓe. Ka bar hanyar da ruwa zai gangara zuwa baya. Huda ko tsaga a gangar jiki kuma ba a liƙa mata faci a sama kawai. Ana fafe bakinta a kwance, faɗin fafewar ya ninka kaurin jikin sau 12, a cike da falle-falle har ya zo daidai.

Fenti ba ya buƙatar dogon bayani. A cike ramuka, a goge, a sa fentin share fage, a fesa fenti mai haɗi biyu irin na mota. A yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi saboda ƙura. A daɓe a barbaɗa yashi mai laushi a fentin farko don kada a zame.

Wane inji

Jiragen ƙasar waje suna da ɗan allo kusa da mazaunin direba da ya faɗi iyakar ƙarfin inji da yawan mutane. Kada a wuce shi. A ruwayen Najeriya Yamaha Enduro, mai doki 15, 25, 40 har 75, shi ya fi yawa, kuma wannan kaɗai dalili ne na zaɓarsa: kayan gyaransa suna nan a Legas, Onitsha da Lokoja, masu gyaransa ma haka.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tsawon ƙafa. Ka auna bangon baya a tsakiya, daga sama zuwa ƙasan jirgi. Kusan santimita 38, wato inci 15, gajeriyar ƙafa yake so. Kusan 51, inci 20, doguwa. Injin da ƙafarsa ba ta dace ba, ko kyauta aka ba ka, wahala ce.

In na hannu za ka saya, ka je da ma'aunin matsin silinda. Ka cire filogi duka, ka ja igiya sau huɗu ko biyar a kowace silinda. Abin dubawa shi ne kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Ka kwance notin man giya na ƙasa kaɗan: mai baƙi ko ruwan zuma babu laifi, mai fari kamar an dama da madara ruwa ya shiga, garin ƙarfe mai yawa giya na ci. Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri na Legas ko Fatakwal za ka ga farin gari a kewayen notuna, kuma notunan kan karye wajen kwancewa. Wanda ya fito daga Kainji ko Shiroro ya fi shi lafiya ko da ya fi shi muni a ido.

Tayar da injin da ya daɗe a ajiye

Kada ka ja igiya tukuna. Ka cire filogi, ka ɗiga ɗan man inji a kowace silinda, ka juya babban faifan sama da hannu, bin hannun agogo. In ya juya sumul, madalla.

Tsohon fetur ya zama danƙo a kafireto. A kwance, a wanke da maganin feshi, a hura ƙananan ramukan da iska. Makaniken Apo da ya saba da babur zai iya wannan, amma ka hana shi sakace ramukan da wayar ƙarfe, yana faɗaɗa su inji ya koma shan mai. Tanki a zubar da abin da ke ciki a wanke. Tiyo da ƙwallon matsa mai a sa sababbi, kibiyar da ke jikin ƙwallon ta kalli inji. Filogi sababbi, lambar da littafin injin ya faɗa.

Sai famfon ruwa, wanda ko mai sayarwa ya ce jiya ya canza, ka sake. Injin jirgi ba shi da lagireto. Ruwan tafki yake zuƙa ta ƙafarsa ya sanyaya kansa, kuma abin da ke turo ruwan wata 'yar roba ce mai fukafukai. In ta zauna shekaru sai ta sandare, ta karye. Ana kwance sandar giya, a cire notunan da ke riƙe da ƙasan ƙafa, a zare. Gidan famfon yana kan doguwar sandar da ta fito. Ka cire tsohuwar robar ka ƙirga fukafukanta. In wani ya ɓace, yana cikin hanyar ruwa, sai an nemo shi. Wajen sa sabuwa ka lura da ɗan makullin ƙarfe da ke riƙe ta, ka shafa ruwan sabulu, ka riƙa juya sandar bin hannun agogo kana danna gidan ƙasa, don fukafukan su kwanta ta fuskar da ta dace. Ka shafa giris a haƙoran sandar ta gefe, ban da samanta.

Man giya ta ramin ƙasa ake ɗura shi, lamba 90, har ya fito ta ramin sama. A rufe na sama tukuna, sannan na ƙasa, da sababbin wasa, wato zoben da ake sawa ƙarƙashin kan noti. Wanda ya zuba ta sama ya bar iska a ciki. Ka cire farfela ka duba bayanta: zaren kamun kifi da na koma suna naɗewa a nan su yanke robar da ke tare mai, kuma yawancin man giya mai madara daga nan ya samo asali.

Batun haɗin mai, a nan ake kashe injuna. Injin da ake haɗa wa mai da fetur yana son kashi 1 na mai cikin 50 na fetur, sai in littafinsa ya faɗi wani abu dabam: rabin lita a tanki mai lita 25. Sabon inji, ko wanda aka canza wa fistan da ringi, ana ninka masa man, 1 cikin 25, a awa goma na farko. Man kuma na injin ruwa ne, mai alamar TC-W3 a jikin gwangwani. Baƙin man mota da ake tsiyayawa a ƙaramin janareta yana barin gawayi, ya liƙe ringi. A fara zuba mai da ɗan fetur a girgiza, sannan a cika. Injin da ke da rumbun baƙin mai nasa ba a haɗa masa komai, kuma yana da gefen da ake kwantar da shi a mota.

Gwajin farko a duro ake yi. A rataya injin a katako mai ƙarfi, ruwa ya haura faffaɗan farantin da ke saman farfela da kamar taƙi. A buɗe numfashin tanki, a matsa ƙwallo har ya yi tauri, a ja cok, giya a furi. Da ya tashi, idonka a kan siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayan kai. In bai fito cikin 'yan daƙiƙu ba, kashe. Sau da yawa zanzaro ne ya toshe bakin da laka, tsinke ya isa. Tayar da inji a busasshe, ko na rabin minti ne, yana ƙona sabuwar robar nan.

Ɗaurawa

Ka nemo tsakiyar bango da awo daga kusurwa biyu, ka ja layi. Ka rataya injin, ka sauke shi tsaye, ka ɗora miƙaƙƙen katako a ƙasan jirgi ya leƙo baya. Farantin nan na saman farfela ya zo daidai da katakon, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 25 ba. In ya yi sama, farfela na shaƙar iska, inji ya yi ihu jirgi bai tafi ba, famfo ma ya rasa ruwa. In ya yi ƙasa da yawa, ƙafar na jan ruwa, gudu ya ragu, mai ya ƙare da wuri.

Maƙallan hannu biyu ba su isa ba ga inji mai doki 25 zuwa sama. A huda a sa notunan silba marasa tsatsa da manyan wasa ta ciki. Kuma tunda ka sha wahalar sabon bango, kada ka mayar da cutar da ta kashe na farko. Ka huda ramin ya fi notin faɗi, ka cike da ifoksi mai kauri, ya bushe, ka sake huda daidai noti a tsakiyarsa, ka sa gam na ruwa. Ta haka ruwa ba ya taɓa katako. Ka ƙara sarƙa ko igiya daga inji zuwa jirgi. Batir, in akwai, a akwati a ɗaure, da fis kusa da shi, nesa da tanki.

Ranar shiga ruwa

Ka fara neman izinin masu kula da wurin. Dam ɗin Usuma da ke wajen Bwari ruwan shan birni ne, ba wurin gwada inji mai tsiyayar mai ba. Rajistar jirgi kuwa aikin NIWA ne, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, mai hedikwata a Lokoja, kuma ta hana tafiyar dare da hawa babu rigar ruwa. Ka tafi da safe, mutum biyu, da rigar ruwa kowa, filafili, bokiti, igiya, anga da abin kashe gobara. A farkon damina hadari na tasowa da iska cikin ɗan lokaci, in gabas ta yi baƙi a fito.

Toshe ramin zubar da ruwa kafin a sauke jirgi. A bar shi a ɗaure minti goma sha biyar ana duba ko yana yoyo. Igiyar kashe inji a ɗaura ta a hannu ko a riga, don in direba ya faɗa ruwa inji ya mutu.

A fara a hankali, sannan a ƙara totur. Akwai sandar ƙarfe da ke ratsa ramuka a mariƙin inji, ita ke saita karkatarsa. Ka fara da ramin da ya sa farantin ya yi layi ɗaya da ƙasan jirgi. In goshi na ɗagawa yana sara ruwa, matso da sandar rami ɗaya kusa da bango. In goshi na nutsewa yana huɗar ruwa, sitiyari ya yi nauyi, fitar da ita rami ɗaya. In jirgi na karkata zuwa dama da kansa, akwai ɗan ƙaramin fiffike a ƙarƙashin farantin: sassauta notinsa, ka karkata wutsiyarsa dama kaɗan, in hagu, hagu. Wannan fiffiken a injuna da yawa shi ne kuma ƙarfen da ke cin tsatsa a madadin inji, don haka ba a yi masa fenti.

Abu na ƙarshe farfela. Kowane inji yana da iyakar juyi a cikakken totur. Enduro 40 tsakanin 4,500 ne da 5,500 a minti. Ka ari ma'aunin juyi, ka gwada da irin lodin da za ka riƙa ɗauka. In bai kai ba, farfelar ta yi masa nauyi, a sa mai ƙaramar lamba, wato lambar inci da ke nuna nisan da take ci a juyi ɗaya. Ragin inci ɗaya yana ƙara juyi kusan 150 zuwa 200. In ya zarce, a ƙara. A nan tudu yana da tasiri: inji na rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300. Abuja tana wajen mita 400 zuwa 500, asarar kaɗan ce, amma wanda zai kai jirginsa Jos, mai tsayin mita 1,200, ya yi asarar kusan kashi 12, kuma farfelar da ta yi daidai a Legas za ta yi masa nauyi.

A Jabi leda da ciyawa kan liƙe a ramukan zuƙar ruwa. Ka saba da waiwayen tsartuwar nan kowane ɗan lokaci. In ta yi rauni ko ta yi zafi a hannu, kashe inji, ɗaga ƙafa, share. Bayan an fito, a bar injin tsaye ruwa ya tsiyaye, kuma wajen ɗaukarsa kada farfela ta fi kai tsayi. In zai yi wata ba a hau ba, a cire tiyo a bar shi ya ƙone man kafireto tun yana cikin ruwa. Bayan awa goma na farko a sake ɗaure notunan bango, a leƙa man giya.